Yadda wuta ke rusa gishirin ƙarafan dangin lantanom

Duk lokacin da aka kawo labarin takun-saƙar Sin da Amurka kan ma'adinan da ake ƙera maganaɗisu da injin motar lantarki da su, hankali yakan tafi ga ramin haƙa da tashar jiragen ruwa. Amma mafi yawan abin da ake ciniki a wannan kasuwa gari ne mai laushi a cikin buhu ko duro, wanda masu kimiyya ke kira oksayid, wato ƙarfen da ya haɗu da iskar oksijin. Kafin a samu garin nan sai an mayar da ƙarfen gishiri, sannan a zuba gishirin a tanderu a gasa shi har ya saki duk abin da yake riƙe da shi. A wurin gashin nan ne kaya ke fitowa da tsabta ko ya lalace, kuma daga nan ne hayaƙin da ke addabar maƙwabtan masana'anta yake tashi. Shi ya sa nake ganin ya cancanci a zauna a warware shi dalla-dalla.

Ƙarafan da ake magana a kansu, wato dangin lantanom, guda 17 ne. Guda 15 suna jere a layi ɗaya cikin jadawalin sinadarai, daga lantanom mai lamba 57 zuwa lutishiyom mai lamba 71, sai itiriyom da iskandiyom da ake lissafa su tare saboda halinsu ya zo ɗaya. A cikinsu akwai niyodimiyom na maganaɗisu, da siriyom da ake goge gilashi da shi, da yurofiyom wanda ya ba talabijin mai launi jan launinsa mai haske a shekarun 1960. Gishiri kuwa, a wurin masu kimiyya, shi ne abin da ake samu idan ƙarfe ya haɗu da asid, kuma irin asid ɗin ne ke raɗa masa suna: oksalet, naitiret, kulorayid, salfet, kabonet. Babu biyu a cikinsu da suke amsa wuta iri ɗaya.

Ana gane hakan ne da wani sikeli mai ɗan tanderu a jikinsa. A ɗora ɗan gishiri kaɗan, a riƙa ƙara zafi a hankali, na'ura tana rubuta nauyin a kowane mataki. Duk inda nauyi ya faɗi, wani abu ya fice a matsayin iska. Duk inda ya tsaya cak, an samu wani sinadari da ke iya jure wannan zafin. Kotaro Honda na ƙasar Jafan ne ya ƙera irin wannan sikeli a 1915, kuma a shekarun 1950 Wesley Wendlandt na Amurka ya bi gishirin wannan dangi ɗaya bayan ɗaya da shi. Abin da irin wannan awo ya nuna shi ne gishirin ba ya rushewa a tashi ɗaya. Hawa-hawa yake yi, kuma kowane hawa da dalilinsa.

Oksalet, gishirin da masana'antu suka fi so

Idan masana'anta ta gama raba ƙarafan nan, kowanne yana fitowa ne narke a cikin ruwan asid. Hanyar da aka fi amincewa da ita wajen fitar da shi ita ce a zuba asid ɗin oksalik, wanda akwai ɗan kaɗan daga cikinsa a ganyen alayyafo. Nan take ruwan zai yi fari, gishirin oksalet ya kwanta a ƙasa. Fa'idarsa biyu ce. Oksalet ɗin waɗannan ƙarafa ba ya narkewa ko da ruwan yana da sauran asid, alhali mafi yawan baƙin ƙarfe da alminiyom da suka biyo kayan suna zama a cikin ruwa, sai a tace a zubar. Sannan shi kansa oksalet ba komai ba ne face kabon da oksijin, don haka idan aka gasa shi yana tashi a matsayin iska, ba ya barin toka.

Mu ɗauki giram 100 na oksalet ɗin lantanom, busasshe a ido. Kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikin ƙwayar gishirin, ƙwayar ruwa goma ga kowace ƙwayar lantanom biyu. Tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba yake fara fita, kuma kafin a kai digiri 300 na ma'aunin Salsiyos ya ƙare, sikeli ya nuna giram 75.

Wajen digiri 400 ne ainihin rushewar take farawa. Oksalet ƙwayar kabon biyu ne manne da juna, kowacce riƙe da oksijin biyu. Zafi yana tsinke abin da ya haɗa kabon biyun, sai ɓangare guda ya fita a matsayin kabon monoksayid, wata iska mai guba marar wari, ɗaya ɓangaren kuma ya zama kabon dayoksayid. Sai dai lantanom ba ya sakin kabon dayoksayid ɗin duka. Yana riƙe kashi ɗaya cikin uku, ya zama wani sinadari da ke tsakanin kabonet da oksayid, wanda ake kira oksikabonet, ana rubuta shi La2O2CO3. A nan sikeli yake tsayawa a kan giram 51, kuma ya daɗe a tsaye, domin za a ƙara zafi da digiri ɗari biyu ko fiye bai motsa ba. Sai an kusanci digiri 800 sannan ragowar kabon dayoksayid ɗin ta fita, a samu farin gari giram 45. Wannan shi ne oksayid ɗin lantanom. Ke nan fiye da rabin abin da aka zuba a tanderu ya bi iska, shi ya sa masana'antu ke gasa oksalet tsakanin digiri 800 zuwa 1,000 don kada a bar komai a baya.

Wannan tsayawa ta giram 51 ita ce tarkon da ke kama mai gaggawa. Garin da ya tsaya a nan fari ne tas, ba a bambanta shi da oksayid da ido, amma fiye da kashi goma cikin ɗari na nauyinsa kabon dayoksayid ne. Wanda ya saye shi a matsayin oksayid ya biya kuɗin iska, wanda kuma ya auna shi don haɗa gilashi ko wani sinadari zai ga lissafinsa ya ƙi fita.

Iskar da ke cikin tanderu ma tana da nata hukuncin. Idan akwai wadatar oksijin, kabon monoksayid ɗin da ya fito yana cin wuta nan take ya koma dayoksayid, har ya ƙara wa garin zafi. Idan kuwa oksijin ya yi ƙaranci, ko don an rufe tanderun ko don an labta gari mai kauri a faranti har iska ba ta kai ƙasa ba, sai ƙwayar monoksayid biyu su haɗu su ba da dayoksayid ɗaya da baƙin kabon ɗaya. Kabon ɗin yana maƙalewa a garin, kaya su fito toka-toka maimakon fari. Gari mai kauri yana da wata matsalar: kabon dayoksayid ɗin da ke fita daga ƙasa yana taruwa a tsakanin ƙwayoyin, kuma muddin iskar nan tana kewaye da oksikabonet ba ya yarda ya saki tasa sai an ƙara zafi. Don haka ake shimfiɗa garin siriri, ko a yi amfani da tanderu mai juyawa wanda ke motsa shi iska tana ratsawa.

Akwai wani abu kuma da ba a gani a sikeli. Oksayid ɗin da ya fito yana riƙe da siffar ƙwayar oksalet ɗin da aka gasa, sai dai cike yake da ƙananan ramuka inda iska ta bi ta fita. In an tsaya a ƙaramin zafi ramukan suna nan, garin yana da faɗin fuska mai yawa, yana saurin narkewa a asid da saurin aiki da wasu sinadarai. In an matsa zafi sai ramukan su toshe, ƙwayoyin su manne su yi tauri. Masu haɗa garin siriyom na goge gilashi a nan suke daidaita kayansu, domin garin da bai gasu sosai ba ba ya cin gilashi, wanda ya gasu fiye da kima kuma yana karce shi.

Me ya sa ɗan'uwa ke saɓa wa ɗan'uwa

Duk abin da na zayyana na lantanom ne, na farkon layi. Idan aka matsa zuwa ƙarshen layi, wajen itabiyom da lutishiyom, tsayawar oksikabonet tana gajarcewa har ta kusa ɓacewa, oksayid ya samu a zafin da bai kai na lantanom ba. Dalilin yana cikin girman ƙwayar ƙarfen. A cikin gishiri kusan dukkansu sun ba da ilektoron uku, wato 'yan ɓarɓashin lantarki da ke kewaya cibiyar ƙwayar atom, don haka cajinsu na lantarki ɗaya ne. Amma daga lantanom zuwa lutishiyom ƙwayar tana ƙanƙancewa, daga fikomita 103 zuwa 86 (fikomita ɗan ƙanƙanin ma'auni ne da ake auna girman atom da shi), raguwar kusan kashi ɗaya cikin shida. Hakan na faruwa ne saboda kowane mataki yana ƙara caji a cibiyar atom, ilektoron ɗin da aka ƙara kuma suna shiga wani ɓangare na ciki da ba ya iya kare na waje daga jan cibiyar.

Caji iri ɗaya a ƙaramar ƙwaya ya fi ƙarfin ja. Ƙaramar ƙwaya tana fisgar oksijin ɗin kabonet da ke kusa da ita da ƙarfi, har haɗinsa da kabon ya yi rauni, sai ɗan zafi kaɗan ya isa ya tsinke shi, kabon dayoksayid ya tafi ya bar oksijin a hannun ƙarfe. Babbar ƙwaya irin ta lantanom ba ta matsa wa kabonet haka, shi ya sa yake daɗewa. Wanda ya san aikin siminti a Ashaka ko Sakkwato ya san wannan doka ko da bai san sunanta ba: dutsen farar ƙasa, wanda kabonet ɗin kalsiyom ne, sai an kai shi wajen digiri 900 yake sakin iskarsa, alhali kabonet ɗin magniziyom mai ƙaramar ƙwaya yana saki tun da nisa kafin nan. Itiriyom ma a nan yake samun mazauninsa. Ba shi da nauyi, amma girman ƙwayarsa fikomita 90 ne, daidai da na holmiyom, don haka a tanderu halin 'yan ƙarshen layi yake nunawa.

Wannan son kabon dayoksayid na lantanom ba ya ƙarewa a tanderu. A bar oksayid ɗinsa a buɗe kwana kaɗan, zai shanye laimar iska ya kumbura ya koma haidiroksayid, ya kuma kama kabon dayoksayid. Sai an sake gasa shi, ya saki wani ɓangare na ruwan wajen digiri 330, ya saki sauran wajen 500, sannan a matsa sama don korar kabonet. Saboda haka a ɗakin gwaji mai kula da aikinsa ba a auna oksayid ɗin lantanom ko na niyodimiyom kai tsaye daga kwalba, sai an gasa shi an sanyaya shi a wurin da babu laima.

Uku daga cikin dangin kuwa sun fita daga tsarin baki ɗaya, domin suna iya ba da ilektoron na huɗu idan suka samu zafi da oksijin. Siriyom ne kan gaba. Da zarar oksalet ɗinsa ya rabu da ruwa, oksijin ɗin iska yana ƙwace masa ilektoron na huɗu, sai ya tsallake matakin oksikabonet ya zama oksayid ɗinsa, CeO2, wajen digiri 350, gari mai ɗan ruwan ɗorawa. Abin da lantanom ke buƙatar digiri 800 a kansa, maƙwabcinsa na lamba 58 ya gama shi a ƙasa da rabin wannan zafi. Firasiyodimiyom yana yin rabi da rabi: koren gishiri ne yake shiga tanderu, ya fito baƙi-baƙi, domin a cikin kowace ƙwaya shida huɗu sun ba da ilektoron huɗu, biyu sun tsaya a uku. Shi ne Pr6O11 da ake gani a jerin farashin kasuwa. Tabiyom ma haka, yana fitowa ruwan ƙasa a matsayin Tb4O7. Mai son ya dawo da waɗannan biyu kan tsarin sauran 'yan'uwansu dole ya gasa su a cikin iskar haidirojin. Ga mai aikin tanderu, launi shaida ne: oksayid ɗin niyodimiyom shuɗi-shuɗi ne mai haske, kuma idan ya fito da duhu-duhu, ɗaya daga cikin abubuwan da ake fara zargi shi ne firasiyodimiyom ya biyo shi.

Naitiret da jan hayaƙi

Gishirin naitiret ya fi kowanne tarihi, domin da rushewarsa aka gano wasu daga cikin ƙarafan. Shi ba ya tsayawa busasshe. Da ya ji ɗumi sai ya narke a cikin ruwan da ke jikinsa, ya yi kauri yana tafasa, sannan ya fara fitar da wani hayaƙi ja mai duhu, naitirojin dayoksayid, wanda ke ƙona huhu. Abin da ke saura a wannan mataki ana kiransa oksinaitiret, kuma ba ya narkewa a ruwa, alhali naitiret ɗin da bai rushe ba yana narkewa da sauƙi.

Masanan ƙarni na 19 sun ga dama a nan. A 1839 Carl Gustaf Mosander na ƙasar Suwidin ya gasa naitiret ɗin abin da kowa ya ɗauka siriyom ne zalla, sannan ya zuba wa abin da ya rage asid mai ruwa-ruwa. Siriyom ya riga ya koma CeO2, wanda irin wannan asid ba ya iya narkarwa, amma wani ɓangare ya narke. Wannan ɓangaren shi ne lantanom, wanda ya shekara 36 a ɓoye cikin siriyom tun da aka gano shi a 1803. A 1878 kuma Jean Charles de Marignac a birnin Jeniba ya gasa naitiret ɗin abiyom har ya fara rushewa, ya wanke shi da ruwa, ya samu oksayid iri biyu, ɗaya ja-ja ɗaya fari. Farin shi ne itabiyom.

Hanyar tana aiki ne da dokar girman ƙwaya da muka gani. A narkar da cakuɗen naitiret har jan hayaƙi ya fara fita, a sauke kafin ya yi nisa, a zuba ruwa. Masu ƙananan ƙwayoyi sun riga sun rushe, sai su kwanta, masu manyan ƙwayoyi su narke. Amma tazarar da ke tsakanin maƙwabta biyu ƙarama ce ƙwarai, don haka kowane zagaye ɗan bambanci kaɗan yake kawowa, sai an maimaita ba adadi. Haƙurin mutanen nan yana ba ni mamaki, domin sun yi shekaru suna tsaye a kan hayaƙi mai guba don samun 'yan giram na gari. Yau an bar wannan hanya, ana raba ƙarafan ne da wasu sinadarai masu kama da mai waɗanda ke jan wani su bar wani, fasahar da Xu Guangxian ya inganta lissafinta a Sin a shekarun 1970.

Da yawa daga cikinmu sun ga rushewar naitiret da idonsu ba tare da sun sani ba. Fitilar nan da ake bugawa iska, irin Tilley da Petromax, wadda ta haska teburan masu shayi da masu tsire kafin zuwan fitilun caji, tana da wata 'yar jakar zare da ake ɗaurawa a bakinta. Carl Auer von Welsbach na birnin Biyana ne ya ƙirƙiro wannan jaka. Ya jiƙa zare a ruwan naitiret, kuma a 1891 ya tsayar da haɗin da ya fi haske: wani ƙarfe mai suna toriyom kashi 99, siriyom kashi 1. Ranar da aka fara kunna ta, zaren yana ƙonewa, gishirin ya rushe ya bar oksayid a siffar saƙar zaren, shi ya sa da an taɓa ta take marmashewa. Wannan raga ce ke yin farin haske idan ta yi zafi. Daga baya kamfanoni da dama sun maye gurbin toriyom da itiriyom saboda toriyom yana fitar da tururin nukiliya.

Kulorayid kuwa matsalarsa ta bambanta, domin a nan ba rushewa ake nema ba. Ana son a kori ruwa kawai a bar gishirin yadda yake, saboda busasshen kulorayid ne ake narkarwa a ratsa shi da lantarki don fitar da cakuɗen ƙarfen da ake yin ƙanƙarar leta da shi, kuma masu haɗa sinadarai suna buƙatarsa. Kulorayid ɗin lantanom yana ɗauke da ƙwayar ruwa bakwai. Shida suna fita lafiya, mataki-mataki. Ta ƙarshen ce ke manne da ƙarfen sosai, har zafin da zai kore ta ya isa ya fasa ta. Oksijin ɗinta ya zauna a kan ƙarfe, haidirojin ɗinta ya kwashi kulorin su fita a matsayin iskar asid. Abin da ya rage shi ne oksikulorayid, wanda ba ya narkewa a ruwa kuma yana dagula aikin lantarki. Gwajinsa mai sauƙi ne: a jefa ɗan garin a ruwa, in ya narke garau an dace, in ruwan ya yi hazo an ɓata. Ƙarafan ƙarshen layi sun fi faɗawa wannan matsala, saboda ƙananan ƙwayoyinsu sun fi matsa wa ruwan.

Maganin da aka samo shi ne a cika tanderun da ita kanta iskar asid ɗin, don fasa ruwan ya kasa ci gaba. Ana yin haka ko dai da hura iskar kai tsaye, ko da cakuɗa gishirin da amoniyom kulorayid mai yawa. Shi wannan yana haɗewa da ƙarfen ya kare shi har ruwa ya gama fita, daga baya a zuƙe iskar tanderun a kai zafi wajen digiri 350 zuwa 400, ya tashi ya bar busasshen kulorayid.

Masu taurin kai: salfet da fosfet

Salfet yana sakin ruwansa kafin digiri 400, daga nan ya kafe. Sai an wuce digiri 800 yake fara ba da iskar farar wuta, kuma kafin ya zama oksayid zalla sai an haura 1,000. Wannan taurin kai ya zama abin amfani, domin salfet ɗin baƙin ƙarfe ba shi da irinsa. Masu bincike a jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam sun nuna cewa idan aka niƙa tsohon maganaɗisu, wanda kusan kashi biyu cikin uku nasa baƙin ƙarfe ne, aka kwaɓa shi da asid ɗin salfurik aka gasa wajen digiri 750, baƙin ƙarfen yana komawa oksayid da ba ya narkewa, niyodimiyom kuma ya zauna a matsayin salfet. Ruwa kawai za a zuba ya kwaso shi. Kuma ruwan sanyi ake so, domin salfet ɗin wannan dangi ya saɓa wa abin da aka saba, ya fi narkewa a sanyi a kan zafi.

A birnin Baotou na yankin Mongoliya ta Gida a Sin, inda ake sarrafa ma'adinin Bayan Obo, irin wannan dabara ake bi a manyan masana'antu. Ana kwaɓa ma'adinin da tsantsar asid ɗin salfurik a gasa shi sama da digiri 500 a tanderu mai juyawa. Ƙarafan dangin lantanom su koma salfet mai narkewa, toriyom da wani ɓangare na baƙin ƙarfe su ɗaure da fosfet ɗin da ke cikin ma'adinin su ƙi narkewa. A takarda abin ya yi kyau. Amma abin da ke fita ta bututun hayaƙi ya haɗa da iskar farar wuta da haidirojin fulorayid, wadda ke cin gilashi balle huhun ɗan Adam, dusar da ta rage kuma tana ɗauke da toriyom. Duk wanda ke lissafin ribar wannan sana'a bai sa kuɗin kama wannan hayaƙi da adana wannan dusa ba, to a ganina ya ɗora nauyin ne a kan mutanen da ke zaune kusa da masana'antar.

Ma'adinan da ake haƙowa su ma gishiri ne, kuma manyan guda biyu sun sha bamban a gaban wuta. Basnasayit kabonet ne mai fulorin a ciki. Idan aka gasa shi a iska wajen digiri 500 zuwa 600 yana sakin kabon dayoksayid, ƙwayarsa ta buɗe, siriyom ɗin ciki ya ba da ilektoron na huɗu. Da aka zuba asid ɗin haidirokulorik mai ruwa-ruwa sai sauran ƙarafan su narke, siriyom ya zauna. Da yake siriyom kusan rabin abin da ke cikin ma'adinin ne, gashi ɗaya ya rage rabin wahalar rabawa. Wannan ita ce dabarar Mosander a sabuwar riga, kuma da ita aka yi aiki a Mountain Pass ta jihar Kalifoniya tun shekarun 1960, da kuma lardin Sichuan na Sin.

Monazayit kuwa fosfet ne, kuma shi ne ya shafe mu kai tsaye, domin yana cikin yashin da haƙar kuza ta bari a tsaunukan Filato, wajen Jos da Bukuru da Barikin Ladi, tare da kolumbayit da zikon. Wuta ita kaɗai ba ta yi masa komai. Fosfet ba shi da wata iska da zai saki cikin sauƙi kamar kabonet, don haka yana nan daram har wajen digiri 2,000 inda yake narkewa. Duk wanda aka ce masa zai iya ƙona wannan yashi a murhu ya fitar da wani abu mai daraja, an yaudare shi, kuma ƙurar da zai shaƙa tana ɗauke da toriyom. Hanyar buɗe monazayit biyu ce: a dafa shi da tsantsar asid ɗin salfurik a ɗan sama da digiri 200, ko a niƙa shi lilis a dafa da ruwan soda mai ƙarfi wajen digiri 140 zuwa 150. Kowacce aka bi, toriyom ɗin da ke warwatse a cikin yashi yana taruwa ne wuri ɗaya, cikin dusar da dole a san inda za a ajiye ta.

Maleshiya, wadda ita ma ƙasar kuza ce, ta bi wannan hanya kafin mu. A 1982 aka buɗe wata masana'anta a Bukit Merah ta jihar Perak don sarrafa monazayit daga ragowar yashin kuza. Mazauna garin sun kai ƙara kotu kan yadda ake zubar da dusar mai toriyom, aka yi shekaru ana shari'a, masana'antar ta rufe a 1994, aikin kwashe dusar da gurɓatacciyar ƙasa zuwa wata ma'ajiya ta musamman a tsaunukan Kledang kuma ya ci gaba har shekaru da dama bayan rufewar.